Wane katun ne zai zaunar da babba, matashi da yaro wuri guda?

Uwar_Gida: Assalamu alaikum. Idan gida ya haɗa ɗan shekara 6, ɗan shekara 15 da iyaye, ta yaya ake zaɓar fim ɗin katun da kowa zai kalla har ƙarshe? Matasa sukan ce katun na yara ne, kafin minti goma sun koma kan waya. Alamar shekarun da ke jikin fim ta wadatar?

Mai_Zane: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ta wadatar ba. Alamar tana faɗin abin da ka iya tsorata yaro ko ɓata shi ne, ba ta faɗin wanda zai ji daɗin fim. A Amurka akwai G (na kowa), PG (iyaye su sa ido), da PG-13 (gargaɗi ga iyayen 'yan ƙasa da shekara 13) da aka ƙaro a 1984. A Birtaniya kuwa U na ɗan shekara 4 zuwa sama ne, PG ana sa ran ba zai tayar wa ɗan shekara 8 hankali ba, sai 12A, wanda ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya kallo a sinima sai da babba.

Ga ɗan 15, mai PG ya fi mai G riƙe shi. Dalili: marubutan irin waɗannan finafinai hawa biyu suke ginawa. Yaro yana bin faɗuwa, guje-guje da waƙa. Babba yana bin abin da ke ƙasa, kamar rashin mahaifi, tsufa, ko ɗa ya ƙi hanyar da iyaye suka shata masa. Ki karanta taƙaitaccen labarin. In jarumin na da zaɓi mai wuya da zai yi, matashi zai zauna. In labarin a ceto kaza ne kawai, to ki bar wa ƙaramin. Tsayi kuma kada ya wuce minti 80 zuwa 100, don ɗan 6 ba ya kai wa sa'a biyu.

Dattijon_Allo: Malam ya yi gaskiya, amma ya bar wani abu. Sau da yawa laifin talabijin ne, ba na fim ba. Ana haska fim hoto 24 a daƙiƙa, wato hoto 129,600 a minti 90. A zanen hannu kuwa, sau da yawa zane 12 ake yi a daƙiƙa, kowanne ya tsaya sau biyu. Sabbin talabijin suna ƙirƙiro hotunan tsakani don motsi ya yi santsi, sai layukan zanen su riƙa narkewa, hannu ya bar inuwa a bayansa. Ki shiga saitin hoto ki kashe shi: TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus a Samsung.

Sauti ma haka. A tsarin 5.1 (sauti mai sifika shida) magana tana da sifikarta ta tsakiya. In aka matse shi cikin sifika biyu, kiɗa ya danne magana, barkwancin manya ya wuce ba a ji ba. Ki zaɓi sautin fim ɗin da aka shirya wa sifika biyu (sitiriyo) ko ki kunna saitin ƙara murya.

Malama_Fim: 'Yar'uwa, ki miƙa wa matashin zaɓi. Ki tace uku, shi ya ɗauki ɗaya. Wanda ya zaɓa da hannunsa ba ya saurin raina shi. Kada ki tsaya kan Disney da Pixar kaɗai. Kamfanin katun na Ghibli a Japan, wanda aka kafa a 1985, yana da masu nutsuwa da matasa ke so, sai dai wasu na da yaƙi da jini, don haka ki fara kallon minti 20 na tsakiya ke kaɗai, ba tallar fim ɗin ba. Masu talla ɓoye wurin kuka suke yi. Ƙaramin kuma bai iya bin fassarar rubutu ba tukuna, sai ki sa ta murya, ki bar rubutun a ƙasa don manya.