Tambaya: Kwana huɗu a lardin Shanxi na ƙasar Sin, ta ina zan fara?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tafiyar saro kaya zuwa Gwanzu, kuma tsakanin biyan kuɗi da lodin kwantena akwai kwana huɗu da ba abin yi. Ina so in leƙa lardin Shanxi a arewa, inda aka ce akwai koguna da aka sassaƙa a jikin dutse da gine-ginen katako na mabiya addinin Buda da suka haura shekara dubu. Ta ina ake farawa, kuma kwanakin za su isa? Sannan yaya aka yi katako ya kai waɗannan shekaru, alhali nan Garwa azarar da ba ta giginya ba, kafin a ankara gara ta gama da ita?

Malamin Tarihi, Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko kula da rubutun sunan wajen yanke tikiti. Akwai Shanxi, akwai Shaanxi mai "a" biyu, maƙwabta ne amma larduna daban. Wanda kake nufi babban birninsa Taiyuan.

Kwana huɗu za su isa idan ka yada zango a Datong, ba ka ce sai ka kewaye lardin duka ba. Daga Gwanzu zuwa Taiyuan kusan awa 3 ne a jirgin sama, daga nan jirgin ƙasa mai sauri zuwa Datong. Idan ta Beijin ka bi, awa 2 ne ko da 'yan kai.

Ranar farko ka ba kogunan Yungang, kilomita 16 yamma da gari. Sarakunan Wei ta Arewa ne suka sa aka yi su, lokacin Datong ce fadarsu, daga 398 zuwa 494. An fara sassaƙa wajen shekara ta 460 ƙarƙashin wani malamin addinin mai suna Tanyao, shekara goma sha huɗu bayan wani sarkin gidan ya hana addinin a 446. Tsawon bangon dutsen kimanin kilomita ɗaya ne, mutum-mutumin da ke ciki sun haura 51,000. Kada ka ɓata ƙarfinka a na farko-farko. Ka tsaya sosai a kogo na 5, inda babban ya kai mita 17, da na 6 mai ginshiƙi a tsakiya wanda aka zana tarihin Buda a jikinsa daga haihuwa, sai na 12 da ke cike da makaɗa riƙe da sarewa da ganguna da abin kiɗa mai tsirkiya irin molo. Na 16 zuwa 20 su ne tsofaffin. Mutum-mutumin kogo na 20 shi ne wanda kowa ya sani a hoto, mita 13.7, yana zaune a fili ne domin bangon gabansa ya rushe tun da daɗewa.

Ka dubi ƙasan bangon kogunan, za ka ga ya zagwanye fiye da sama. Dutsen na yashi ne, irin na Ennedi a Cadi. Ruwa yana tsatsowa ta tsaguwa, ya narkar da gishirin da ke ciki, in ya bushe gishirin ya kumbura ya ɓarke fuskar dutsen, daidai yadda kanwa ke cin gindin katanga a gidajenmu. Ga ƙanƙarar hunturu, ga ƙurar kwal, domin Datong garin haƙar kwal ne. Sai da aka karkatar da hanyar manyan motocin kwal daga gaban kogunan a ƙarshen shekarun 1990, kafin wurin ya shiga jerin UNESCO a 2001.

Rana ta biyu ka ɗauki shatar mota, ka haɗa gidan ibada na Xuankong da hasumiyar katako ta Yingxian.

Kafinta, Injamena:

Alhaji, maganar katakon tana da dalilai, kuma na farko ba gwanintar kowa ba ce. Ruwan saman Datong a shekara bai kai milimita 400 ba, ƙasa da na Injamena, Garwa kuwa tana samun wajen 1,000. Ga sanyin da ke daskarar da ƙasa watanni, gara ba ta sakewa a can.

Sai aikin hannu. Ba sa binne ginshiƙi a ƙasa kamar yadda muke kafa dirka. Dakali suke tayarwa, su ɗora faffaɗan dutse, ginshiƙin ya zauna a kai. Itacen da bai taɓa ƙasa ba, danshi ba ya hawa shi. A kan ginshiƙin kuma ana jera gajerun katakai ana gicciya su hawa-hawa, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa fitowa, har su tallafi bakin rufi can waje. Suna kiran wannan dougong. A babban zauren gidan ibadar Buda na Foguang, wanda aka gina a 857, bakin rufin ya fito kusan mita 4 daga bango, ruwa yana zuba nesa da gindin gini. Mu da indararonmu ke zuba a jikin katanga, nan ne abin lura.

Haɗin kuwa fafe wannan ake yi, a fiƙe bakin wancan, a cusa. In ƙasa ta girgiza, gaɓoɓin sukan motsa su koma mazauninsu maimakon su karye.

Hasumiyar Yingxian ita ce ta fi nuna abin da ke lalacewa. An gina ta a 1056, tsawonta mita 67, kusurwa takwas. Daga waje hawa biyar za ka ƙirga, amma akwai huɗu a ɓoye a tsakaninsu cike da dogarai a karkace, su ne ɗaurin ginin. A shekarun 1930 aka cire bangayen yaɓe na hawayen da ake gani, aka sa tagogi, ba a lura cewa cikin yaɓen akwai dogarai ba. Tun daga nan karkatar ta ƙaru, musamman a hawa na biyu. Shi ya sa yanzu ba a barin baƙi su hau, ƙasa kawai za ka shiga.

Xuankong kuma, wanda ke maƙale a jikin dutse kusa da Hunyuan, mutane suna zaton siraran sandunan da ke tsaye ƙarƙashinsa ne ke riƙe da shi. A'a. Ramuka aka haƙa a dutsen, aka cusa katakai a kwance, fiye da rabin tsawonsu a ciki. Kafin a cusa ana tsaga bakin katakon a sa ɗan itace mai tsini, da an buga ya isa ƙarshen rami sai bakin ya buɗe ya cije, ba ya fita. Dutsen ya yi masa rumfa ta sama, ruwa ba ya dukansa, rana ma 'yan awoyi take samunsa. Ana danganta kafuwarsa da 491, amma yawancin abin da ke tsaye yau gyaran zamanin daulolin Ming da Qing ne.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundare:

Ɗan'uwa, fasfonka shi ne tikitinka, a jirgin ƙasa da ƙofar kowane wuri, kada ka bar shi a masauki. Xuankong ana ƙayyade yawan masu hawa a rana, hanyar cikinsa kuma mutum ɗaya take ɗauka, don haka ka yanki tikiti tun kafin ranar, ka isa da sassafe. Ka haɗa katin bankinka da Alipay ko WeChat, manhajojin biyan kuɗi ta waya, tun kana Gwanzu. Kafin ka biya masauki ka tabbatar suna karɓar baƙin ƙasar waje.

Abinci sai ka yi hattara. Taliyar da aka san Datong da ita, wadda ake yankawa da wuƙa kai tsaye cikin tukunya, galibi da romon alade ake zuba ta. Nemi gidan abinci mai alamar 清真, ana karanta ta "cinjen", ita ce halal, yawanci a koren allo. Akwai tsohon masallaci cikin ganuwar Datong, wani a Taiyuan.

Kai mai kallo ne, ba wanda zai ce ka rusuna. Masu sayar da turaren ƙonawa za su miƙo maka a ƙofa, girgiza kai ya isa. Kada ka taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi, kuma a cikin wasu ɗakunan an hana hoto.

Wata nawa za ka? Mayu, Yuni, Satumba sun fi daɗi. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne, ko tikiti ba za ka samu ba. Janairu kuwa dare yakan sauka ƙasa da sifiri da digiri 15, rigar sanyin da muke sawa nan Ngaundare ba za ta yi komai ba.

Ɗan Garwa:

Allah Ya saka da alheri. Satumba ne in sha Allahu. Sauran kwana biyun fa, in hau dutsen Wutai?

Malamin Tarihi, Marwa:

Wutai yana da kyau: ƙololuwa biyar masu shimfiɗaɗɗen kai, ta arewa mita 3,061, ciyawa fal ba itatuwa a can sama. Amma garin Taihuai da ke tsakiya wurin ibada ne mai cunkoson masu ziyara, kuma da dare a Satumba sanyi ya riga ya sauka. Tunda katako ya kai ka, tsofaffin ba sa Taihuai. Foguang da Nanchan suna ƙauyukan kudu maso yamma, sai da shatar mota. Nanchan ɗan ƙaramin ɗaki ne, faɗinsa bai kai mita 12 ba, an gina shi a 782, shi ne ginin katako mafi tsufa da ya rage a Sin, kuma ya tsira daga rushe-rushen gidajen ibadar Buda da wani sarki ya sa aka yi a 845. Ka kwana ɗaya a Taihuai, washegari ka bi ta Foguang da Nanchan ka gangara Taiyuan, ka kama jirgin Gwanzu da yamma.