Faransancin kasuwa, a ina za a koya?

Mai Atamfa: Slm jama'a, dan Allah ina ake koyar da Faransanci a nan Kaduna? Zan fara zuwa Kwatano sarin kaya, ɗan na ciniki kawai nake so.

Ɗan Kawo: Alliance Française mana, suna da reshe a garin nan.

Hajiyar Barnawa: Ko ina za ki, ki tambayi da me suke farawa kafin ki biya. Ni wani lesin na shiga, kullum allo cike da je suis, tu es, il est, hadda kamar masu shirin WAEC, ga kuɗin napep, amma ba wanda ya koya mana ƙidaya sosai. Na shiga kasuwar Dantokpa ta Kwatano mai kaya ta ce min quatre-vingt-quinze mille, wato dubu casa'in da biyar, na saki baki ina kallonta, domin su tamanin ɗinsu ashirin sau huɗu ne, saba'in kuma sittin da goma, kafin ki gama haɗawa a kai ta juya ga wani kwastoma. Wani yaro ne ya yi min tafinta, Allah kaɗai ya san abin da ya ɗora a kai. Ki fara da lambobi har su zauna a kunnenki, sai c'est combien (nawa ne), c'est trop cher (ya yi tsada), dernier prix (farashin ƙarshe), da sunayen kaloli. Nahawu ya biyo baya.

Malamin Faransanci: Hajiya ba a yi haka ba, wanda ya haddace jimla babu nahawu ana canza masa tambaya ya ɓace.

Hajiyar Barnawa: Malam atamfa za ta saro, ba lacca za ta yi ba.

Na Rigasa: Ku da kuke wahala, Zongon Kwatano cike yake da Hausawa, ga kalkuleta a waya 😂

Hajiyar Barnawa: To ka sani in suka ce dala, sefa 5 suke nufi, jaka kuma 1000. Je ka da Hausar Rigasa ka gani.

Maman Biyu: Manhajar Duolingo fa? Yarana suna yi.

Ɗan Kawo: Yana taimakawa wajen kalmomi, amma da Turanci yake bayani. Mai Atamfa ta haɗa da sauraron Journal en français facile, labaran RFI cikin Faransanci mai sauƙi, saboda kunne.

Malamin Faransanci: Mai son abin da gaske akwai Ƙauyen Faransanci a Badagry tun 1991, hanyar Seme ce ma, bodar shiga Benin.

Na Rigasa: Af, nawa ake canza sefa yanzu?

Mai Atamfa: Hajiya dan Allah turo min lambobin a voice, rubutun nan ba ya karantuwa.

Hajiyar Barnawa: Bayan isha in sha Allah, yanzu ba caji.