Folda ta ƙi barin read-only, a taimaka

Ɗalibin Madina: Salamu alaikum 'yan uwa. Na kwaso fayilolin karatuna daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwar laftof da na saya a Jidda, Windows 11 ce, to duk folda idan na shiga Properties sai in ga akwatin read-only (wato karantawa kawai, ban da gyara) a cike, in cire in danna OK in dawo ya koma yadda yake, wallahi abin ya ishe ni ga jarrabawa ta matso.

Baban Hajara: Wa alaikumussalam ƙanena. Kwantar da hankalinka, wannan akwatin haka yake a kowace folda, fayilolin ciki kawai yake shafa, Windows ba ta hana ka rubutu saboda shi. Tambaya ita ce, ajiyewa take ƙi ko ganinsa ne kawai ya dame ka?

Ɗalibin Madina: Yaya ajiyewar ma ƙi take, Word sai ya ce in canza suna.

Baban Hajara: To buɗe cmd (Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni) a matsayin administrator ka rubuta attrib -r "D:\Karatu\\*" /s /d, ka sa hanyar foldarka. In bai yi ba matsalar izini ce, tunda daga wata kwamfutar suka zo. Shiga Properties na foldar, sai Security, ka ba sunanka Full control, wato cikakken izini.

Maman Sadik: Ni ma na sha wannan wahalar a shagon fotokofin maigidana a Makka, ashe katin memori ne, ɗan makullin gefensa ya zame ƙasa. Duba shi tukuna malam.

Ɗalibin Madina: Izinin ne fa! Ta yi, Allah ya saka da alheri.