Kwana a ɗakin ƙanƙara a arewacin Suwidin: mutum na tashi lafiya kuwa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Uppsala ta ƙasar Suwidin, 'yan ajinmu sun shirya tafiya Kiruna, wani gari can arewacin ƙasar, a watan Janairu, kuma a cikin shirin har da kwana ɗaya a Icehotel, otal ɗin nan na ƙauyen Jukkasjärvi da ake ginawa da ƙanƙara. Na riga na biya, amma tun da na ga hoton gadon gabana ke faɗuwa. Ni da ko hunturun Kano sai na haɗa bargo biyu. Sanyin ba ya kashe mutum cikin barci? Rufin ba ya ruftowa? Buhun barcin nan da ake zuge mutum a ciki har kai, wallahi likkafani yake tuna min. Ga maganar alwala da salla. Sannan ƙanina da ya zo min ziyara yana son bina, kuma yana da sikila. Masana a taimaka.

Magini:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki maganar rufi, sauran na bar wa masu ita.

Ba tubalin ƙanƙara ake jerawa a yi rufin ba. A watan Maris ake yanko manyan ƙanƙara daga kogin Torne, kowace ɗaya ta kai wajen tan 2, a ajiye su a rumbun sanyi har kaka. Waɗannan su ake sassaƙawa a yi ginshiƙai da gadaje da kayan ado. Bango da rufi kuwa da cakuɗen dusar ƙanƙara da ruwa ake yin su: a kafa ƙwarangwal na ƙarfe mai siffar baka, a fesa masa cakuɗen, a bar shi ya daskare kwana biyu ko uku, sannan a janye ƙarfen. In ka taɓa ɗaga kai a tsohon soro mai bakan gizo a Zariya ko Kano ka ga dabarar. Nauyin saman yana gangarawa ta gefe zuwa ƙasa, ba ya taruwa a tsakiya. Kuma irin wannan gini ba ya karyewa farat ɗaya, lotsawa yake yi sannu a hankali cikin watanni, ana lura da shi, har a rufe wurin a watan Afrilu ya narke ya koma kogin da ya fito. Tun wajen 1989 ake wannan sana'a a ƙauyen, kowace shekara sabon gini.

Sanyin ciki kuma yana tsayawa wajen digiri 5 ƙasa da sifili, ko da waje ya kai 30 ƙasa da sifili, saboda dusar ƙanƙara cike take da iska, tana tare sanyin waje kamar yadda katangar ƙasa ke tare zafin rana. Firizar gidanka 18 ƙasa da sifili take. Tsakanin ƙofar mota da ƙofar otal za ka fi jin jiki, ba a kan gado ba.

Uwar Biyu:
Ɗana, sanyin ɗakin ba shi ne abokin gabarka ba, laima ce. Kusan duk wanda ya kwana yana karkarwa a can jiƙa kansa ya yi da hannunsa.

A gadon, ba a kan tsurar ƙanƙara za ka kwanta ba: akwai katako, akwai katifa, a samanta fatun barewar da 'yan ƙabilar Sami ke kiwo. Buhun da za su ba ka an yi shi ne don sanyin da ya ninka na ɗakin. Amma buhu ba ya haifar da ɗumi, naka yake riƙewa. Shi ya sa kuskuren farko shi ne jibga kaya. Mutum ya sa riguna huɗu da jaket ya shiga, ɗumin jikinsa bai isa buhun ba, ga gumi ya tsattsafo, can tsakar dare gumin ya huce a jikinsa. Sutura ɗaya ta isa: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, na ulu, sai safar ulu da hular sanyi. Auduga kada ta taɓa fatarka, ko singileti, domin tana shan gumi ta riƙe shi. Safar da ka yini da ita ka cire, ka sa busasshiya da ka ware don daren kaɗai.

Kuskure na biyu, cusa fuska a cikin buhu. Numfashi tururi ne, awa ɗaya ya isa ya jiƙa wuyan buhun. Ka ja igiyar hular buhun ta zagaye fuskarka, hanci da baki su zauna a waje. Hancin zai yi sanyi, ka haƙura da shi.

Ka ci abincin dare sosai, mai maiƙo, don shi ne itacen da jiki zai ƙona. Shayi kuma ka tsayar da shi kamar awa biyu kafin kwanciya. Sanyi na matse jijiyoyin fata, jini ya koma ciki, ƙoda ta ƙara aiki, fitsari ya matsa maka. Banɗaki yana cikin gini mai ɗumi da ke manne da otal ɗin, sai ka fita daga buhu, ka sa takalmi mai sanyi, ka taka. Ka kewaya dab da kwanciya ko ba ka ji matsuwa ba. Kafin ka shiga buhun ka ɗan yi tsalle ko tsugunne-tashi sau goma sha biyar, jini ya motsa, amma ka tsaya kafin gumi.

Waya da tocila cikin buhu, a jikinka. In ka bar waya a gefen gado batirin na iya mutuwa kafin asuba. Akwatinka kuwa a ɗakin ajiya na ginin ɗumi za ka bar shi, in ba haka ba har man goge baki na iya sandarewa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya ta yi bayani mai kyau, amma ga mai cikakkiyar lafiya. Maganar ƙaninka daban ce, kuma ba zan sassauta ba: mai sikila kada ya kwana a ɗakin nan. Sanyi na tsuke ƙananan jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe hanya, ciwo ya tashi. Shawarar rage shan ruwa da aka ba ka ma a gare shi haɗari ce, tunda ƙarancin ruwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Wurin yana da ɗakunan katako masu ɗumi, kuma da rana ana buɗe ɗakunan ƙanƙarar ga masu kallo. In likitansa ya yarda da tafiyar, ya shiga ya kalla na 'yan mintuna ya fito. Ita kanta tafiya Kiruna a Janairu sai an tambayi likita tukuna. Haka mai asma da mai ciwon zuciya.

Kai kuma ka san alamu. Karkarwa ba abin tsoro ba ce, jiki ne ke aiki. Abin tsoro shi ne mutum ya fara magana kamar mai maye, hannu ya kasa riƙe zif, ko karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba. A waje kuma ka riƙa duba hanci da kunci da kunne. A baƙar fata wurin da sanyi ya fara ci yakan yi fari-fari ko toka-toka, ya daina jin taɓi. Kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta. Tafin hannu mai ɗumi, ko ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanina ya haƙura. Saura likkafanin da salla.

Malam Na Tasha:
Kai, Malam, likkafani ba shi da zif! Amma tsoron gaskiya ne, kuma ba buhun kaɗai ke kawo shi ba. Dusar ƙanƙara na shanye sauti. Ba ƙarar fanka, ba mota, ba kukan gyare, sai bugun zuciyarka a kunnenka. Wannan shirun shi ke tayar wa mutane hankali wajen ƙarfe biyu na dare.

Da yamma ana tara baƙi a nuna musu yadda ake amfani da buhun, kada ka tsallake. Tun kana ginin ɗumi ka shiga buhun, ka zuge, ka buɗe daga ciki sau uku da ido a rufe, har hannunka ya haddace inda kan zif yake. Sannan ka taka daga ɗakinka zuwa ƙofar ginin ɗumi kana ƙirga taku, ka dawo. Ɗakunan ginin hunturu galibi labule gare su, ba ƙofa mai kuba ba, kuma ginin ɗumin a buɗe yake dare duka da ma'aikaci. Ba wanda ya tsare ka. Sanin haka kaɗai na rage rabin fargabar. In ƙirji ya matse, ka sassauta igiyar wuya, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, kamar sau goma, ka kama azkar ɗin kwanciya. In minti ashirin ya wuce bai lafa ba, tashi ka je ka zauna a ɗumi, ba abin kunya ba ne.

Alwala da salla duka a ginin ɗumi. Ka goge ruwan tas, musamman gemu da tsakanin yatsun ƙafa, ka ba fuskarka kamar rabin awa kafin ka fita waje. Lokuta kuma: wurin na da nisan kusan kilomita 145 arewa da da'irar Aktik (layin da daga shi zuwa arewa rana kan yini ba ta fito ba a hunturu), daga wajen tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu rana ba ta ɓullowa sam. Bayan nan ma yinin gajere ne ƙwarai, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna a kusa-kusa. Malamai sun yi bayanin ƙaddara lokaci a irin waɗannan wurare, wasu da gari mafi kusa da ke da dare da rana sosai, wasu da lokacin Makka. Ka tambayi limaminku na Uppsala kafin ka hau jirgi, ka rubuta jadawalin a takarda, don waya na iya mutuwa.

Da safe za a kawo maka ruwan 'ya'yan itace ja mai zafi har gado. Babu giya a ciki, sha abinka. A wurin cin abinci ne za ka yi tambaya, in ka rasa tabbas ka nemi kifi.