Na sa bidiyon murhuna a Facebook, shin har yanzu zan iya yi masa rajistar ƙirƙira?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai walda ne a Kano. Shekara biyu ina fama da wani murhun gawayi mai 'yar fanka a gindinsa da ke aiki da ƙaramin batirin sola. Gawayin da ke ƙarewa a girki ɗaya yanzu yana kai uwargida girki biyu, kuma tukunya ba ta yin baƙi.

Da murna ta kama ni, sai na ɗauki bidiyo na nuna har cikinsa, na ɗora. Wata huɗu ke nan. Yanzu wani ɗan uwa yake gaya mini dokar rajistar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta ce abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo, don haka kariyar shekara 20 da rajistar ke bayarwa, wadda ke hana wani kwaikwayon ƙirƙirar mutum, ta wuce ni. Wannan magana ta hana ni barci.

Don Allah masana, goge bidiyon zai yi amfani? In na gyara mazaunin fankar, gyaran zai samu rajista a Abuja? Sannan ina da masu saye a Maraɗi, ga shi Nijar tana ƙarƙashin OAPI, wato ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru. Can ma sai na nemi tawa daban?

Allah Ya saka da alheri.