Ruwan bohol na wajen shaƙatawarmu, duba-gari sun ce sai na kawo takardar gwaji

Baban_Hanifa

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin harkar ruwa ku ba ni shawara. Ina kula da wani ɗan wajen shaƙatawa a bayan gari nan Kaduna, ba babba ba ne, lilo ne na yara da ɗan fili mai ciyawa da rumfuna sai mata uku masu saida abinci da zoɓo. Ruwanmu bohol ne, sola ke tura shi tanki biyu masu lita 5,000 kowanne, daga nan ya sauko famfo huɗu, biyu na alwala, ɗaya na masu abinci, ɗaya kuma shi yara ke tara hannu su sha, ranar Sallah kam har layi suke yi.

To makon jiya duba-gari suka zo suka zagaya ban-ɗaki da wajen abinci, sai ɗayansu ya ce ina takardar gwajin ruwa, na ce masa ni dai shekara huɗu ina shan ruwan nan garau yake ba wari ba ɗanɗano, ya ce ba shi ya tambaya ba. Abin da ya fi damuna ma ba takardar ba ce, cikin watan Agusta bayan wani ruwan sama mai ƙarfi ruwan ya fito da ɗan duhu-duhu kwana biyu sannan ya washe, kuma a satin yaron mai zoɓo ya yi ta gudawa, ban ce ruwan ba ne amma abin ya tsaya min a rai tunda 'ya'yan mutane ne ke sha. Shin NAFDAC zan je ko ina? Wane gwaji ake yi? Na sayi ɗan abin nan mai kama da biro da ake tsomawa a kofi ya nuna 180, mai shagon ya ce lafiya lau.

Injiniya_Mando

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ka yi daidai da ka damu, ruwa ba ya tsami banza, bohol mai lafiya ba ya sauya kala don an yi ruwan sama, in ya sauya to ruwan saman ƙasa ne ke samun hanya yana gangarawa ciki, ko simintin bakin ya tsage ko tun farko ba a toshe gefen bututun da kyau ba, kuma duk abin da ruwan nan ya kwaso a hanya yana tankinka.

Maganar hukuma, NAFDAC aikinta ruwan da aka ɗura a leda ko gora don sayarwa ne, kai ba fiya wata kake bugawa ba. Wanda ya shafe ka shi ne ma'aunin ruwan sha na ƙasa da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar, NIS 554, na 2007 aka sabunta shi a 2015, kuma ya haɗa da ruwan wuraren jama'a ko da na mutum ɗaya ne, su kuma duba-gari da ma'aikatar lafiya su ke bin sawu. A cikinsa ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwa, dole ta zama sifili a mililita 100, ba a yarda ko da ɗaya ba. Naitiret kar ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, dalma 0.01, ƙarfe 0.3, sai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 8.5.

Wancan biron naka gishirin da ya narke a ruwa kawai yake aunawa, 180 ba laifi tunda iyakar 500 ce, amma ko ƙwayar cuta miliyan ce a kofin ba zai gani ba. Ka je ɗakin gwaji na gaske, akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, ko ka tambaya a hukumar ruwa ta jiha ko RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara, su nuna maka. Kar ka ɗebo a gorar lemo da ka ɗauraye, su za su ba ka kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, ka goge bakin famfo ka bar shi ya zuba kamar minti biyu, ka cika ba tare da yatsa ya taɓa murfin ta ciki ba, ka sa a kula da ƙanƙara ka kai cikin awa shida. Kuma ka ɗebi biyu, ɗaya daga bakin bohol kafin tanki ɗaya daga famfon yaran, ta haka za ka gane ko matsalar a ƙasa take ko a tanki. Yanzu da damina ake yi, gwajin rani yakan fito tas ya yaudari mutum.

Sannan ka ɗauki tef ka auna daga bohol zuwa sokawe, shawarar da aka saba bayarwa mita 30 ne aƙalla, kuma kar ramin ya kasance ta saman gangare.

Maman_Sadiq

Malam ni a asibitin karkara nake aiki, tambayata ɗaya yaushe rabonka da ka hau ka leƙa cikin tankunan nan? Wallahi mun taɓa buɗe tankin wata makaranta murfin ya ɗan zame, ƙadangare biyu a ciki sun kumbura ga gansakuka kore shar a jikin bango ga laka kamar kamu ɗaya a ƙasa, kuma ruwan da ke fita a famfo fari tas kamar na gora. A wanke duk wata shida, a kulle murfi da kwaɗo, a sa raga a bakin bututun da ke zubar da rara.

Kafin sakamako ya fito don Allah ka rufe famfon yaran ko ka fara sa kulorin, kar ka jira. Ba mu manta 2021 ba, amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki, yaro ƙarami in ta kama shi kafin yamma ya lanƙwashe. Masu zoɓon ma ka duba su, da ruwan nan suke sirki da wanke gora, ƙanƙarar da suke jefawa ciki kuma daga ina? Sai batun naitiret, jariri ɗan ƙasa da wata shida shi ya fi cutuwa in aka dama masa madara da irin ruwan, jininsa ya kasa ɗaukar iska leɓe ya yi shuɗi, kuma tafasawa ba ta fitar da shi sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa.

DanTasha77

Ni dai a ganina wahala za ka ja wa kanka Alhaji, ka rubuta a jikin famfo ruwan wanke hannu ne kawai ba na sha ba, ka kawo fiya wata mai lambar NAFDAC ana saye shikenan kowa ya huta.

Maman_Sadiq

DanTasha yaro ɗan shekara biyar da ya sha gudu a rana karatun allo zai tsaya yi? Mai alwala ma ai sai ya kurkure baki, masu abinci kuma da shi suke wanke latas da kabeji.

Abdou_Maradi

Sannunku 'yan uwa. Ina so in ja kunne kan fuloraid saboda mu nan mun ga abin da idonmu a Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan fanfon garin daga rijiya mai zurfi yake, mai sanyi mai kyan gani, shekara da shekaru ana sha sai yara suka taso haƙora sun yi ja ƙafafu sun gwame wasu ba su iya tafiya sosai, daga baya aka gano fuloraid ne ya yi yawa ƙwarai. Kulorin ba ya maganinsa, tafasawa ma haka. A wajenku ma an san yankin Kaltungo da Langtang da wannan jan haƙorin. To in za ka biya kuɗin gwaji kar ka ce na ƙwayoyi kaɗai don sauƙi, ka yi na sinadarai ko sau ɗaya ne ka san irin ƙasar da kake kai.

Baban_Hanifa

Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe na auna, mita 17 ne tsakanin bohol da sokawen ban-ɗakin mata, kuma simintin bakin bohol ɗin ya tsage har yatsa na shiga, ruwan wankin kwanuka ma ta wajen yake bi. Na cire kan famfon yaran na ajiye musu jarkoki da na sa wa WaterGuard, ruwan kulorin nan na kwalba. Injiniya in na samo garin kulorin nawa zan zuba a tanki?

Injiniya_Mando

In garin kulorin da ake kira HTH ne mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, ka fara da giram 8 a cikakken tanki na lita 5,000, kar ka wuce 15, a sikeli za ka auna ba da ido ba, ka narkar a bokitin roba ka bar shi ya kwanta ka tsiyaye ruwan da ke samansa a tankin, ka sa safar hannu kuma ka kula da idonka. A jira minti 30 sannan ka gwada a famfo mafi nisa da ƙwayar DPD mai nuna kulorin da ya rage a ruwa, ana so a samu miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, in ya gaza ka ƙara kaɗan. Amma ka ɗebi na gwajin kafin ka zuba, in ba haka ba sakamakon zai ɓoye maka gaskiyar bohol ɗin. Ka sayi littafi ɗan 40 lif kana rubuta kwanan wata da abin da ka auna da ranar wankin tanki, shi da takardar gwajin za ka miƙa wa duba-gari. Simintin kuma birkila zai gyara maka a yini ɗaya ya ɗaga bakin ya yi masa gangara da kwata, sokawen ne babban aiki, in sakamako ya fito ka sako hotonsa mu ga ko sai an matsar da shi.