Kayan nuna wa ɗalibai halin yashi da laka a aji

Malama, Bauchi: Assalamu alaikum. Ɗalibai kan haddace lissafin Terzaghi, masanin ƙasar gini, kan yadda matsin ruwa ke rage ƙarfin ƙasa, amma a tambaye su aikin ruwa a tsakanin ƙwayoyin yashi, sai shiru. Me za a harhaɗa daga kasuwar Wunti su gani da idonsu?

Injiniya, Gombe: Wa'alaikumus salam, Malama. Fara da safar hannu ta asibiti. A cika ta da busasshen yashi, a ɗaure bakinta a kan babban sirinji, a zuƙe iskar. Nan take hannun zai sandare, a gaisa da shi. A mayar da iska, ya saki. Yashin bai canja ba, matsin ƙwaya da ƙwaya ne ya ƙaru. A sa ƙyalle a bakin sirinjin, kar yashi ya toshe shi.

Mai kula da ɗakin gwaji: Na fi son tafasar yashi, wato ruwa ya taso daga ƙasa ya motsa yashin kamar yana tafasa. Bokitin roba mai nuna ciki, a huda gindinsa a sa tiyo. Tsakuwa a ƙasa, gidan sauro a kanta, sannan yashi mai laushi santimita 20. Ɗaya bakin tiyon a haɗa da galan. A cika ruwa a hankali daga ƙasa har ya rufe yashin, a ɗora dutse. Sai a riƙa ɗaga galan. Idan ruwansa ya ɗara na bokiti da kusan santimita 20, yashin zai motsa, dutsen ya nutse.

Malama: Idan ruwan ya ɓullo ta gefe guda kawai fa, Malam?

Mai kula da ɗakin gwaji: Tsakuwar ce ta yi kaɗan, ko an yi gaggawar cikawa iska ta maƙale. A juye a sake.

Injiniya: Kar a manta baƙar lakar Deba. A busar, a daka, a tankaɗe da rariyar maikuron 425, wadda ramukanta ba su kai rabin milimita ba. Giram 10 a silinda (kwalbar awo) mai ruwa, wani 10 a mai kananzir, a bar su awa 24. Ta ruwa za ta kumbura, ta kananzir tana nan yadda take. Daga nan bayanin tsagewar gini ba ya wuya.

Wani ɗan zaure: Yallaɓai, ragowar lakar a jiƙa a murza ta zare-zare, a ga danshin da zaren ke fara karyewa. Ƙarfen cikin wayar walda mai milimita 3.2 ya isa ma'aunin kaurin zaren, a kankare ɓawon tukuna. A kan gilashi za a murza, takarda na shanye danshin.